Tabarmar Baffa: Yadda Aka Bi Sawun Zazzaɓin Lassa Daga Wani Gida a Agege

Na tsamo wannan bayani ne daga littafin da na riƙa rubutu a ciki lokacin da mai unguwarmu ya haɗa ni da jami'an lafiya in yi musu tafinta. Ni ba likita ba ne, malamin Islamiyya ne da zaman Legas ya koya wa Yarabanci da ɗan Turancin ciniki. Na sakaya sunan gidan da na mutanensa da shekarar da abin ya faru, don har gobe sahu ɗaya muke tsayawa da su. Kwanaki kuma ina ƙirga su ne daga ranar da zazzaɓi ya kama matar gidan, wata Litinin a farkon Fabrairu. Ita ce rana ta 1.

## Gidan da mutanen cikinsa

Gidan haya ne irin wanda ya cika Agege: ɗaki goma sha biyu a jere suna kallon juna, siririn lungu a tsakiya, banɗaki biyu da wurin girki ɗaya a baya. Mai ginin Bayarabe ne, 'yan haya kuwa kusan duk Hausawa. Iyalin da abin ya faɗa wa ɗaki biyu suke riƙe da shi. Mijin ɗan wani ƙauye ne a kudancin jihar Bauchi, wake da gero yake sayarwa a kasuwa, in ya fita da asuba sai bayan isha'i. Matar shekararta 34, tana zaune da ƙanwarta budurwa da 'ya'yanta biyar. Abincinsu kusan duk daga gida yake zuwa, masara da kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa, ana jibge su a kusurwar ɗakin da yara ke kwana. Ba ta da ciki a lokacin, ba ta da wani tsohon ciwo, kuma rabonta da fita daga Legas shekara biyu.

## Rana ta 1 zuwa ta 8: daga kemis zuwa asibiti

Da zafin jiki da ciwon kai da kasala abin ya faro. Aka aika kemis na bakin layi aka sayo maganin maleriya na kwana uku, ta shanye, jiki bai sauka ba. Rana ta 4 mai kemis ya zo har gida ya yi mata allura, ya ƙara da ƙwayoyin taifot. Rana ta 5, Juma'a, maƙogwaro ya kama ta har ruwa ba ya wucewa sai da ƙyar, ga amai, ga ciwon ƙirji. Aka sa ta a keke aka kai ta wani ƙaramin asibitin kuɗi.

A can zafinta ya nuna digiri 39.4. Aka yi gwajin Widal ya ce taifot, kamar yadda yakan ce a jinin mutane da yawa da ba taifot ke damunsu ba. Aka ɗaura ruwa, aka canza magani. Kwana uku ta yi a ɗakin mata mai gado huɗu. Wata yarinya mai koyon aikin jinya ce ke canza mata ruwa tana share amai, wani lokacin da safar hannu, wani lokacin hannu tsirara, gwargwadon abin da ya rage a kwali.

Safiyar rana ta 8 fuska da wuya suka kumbura, fitsari ya ragu, jini ya fara tsatsowa daga dasashi da kuma inda aka soka allurar ruwa. Nan aka ce a wuce babban asibiti. Likitar da ta karɓe ta ta fara da tambayar magani nawa aka sha bai yi aiki ba. Da aka lissafa mata, sai ta sa aka ware mara lafiyar a ɗaki ita kaɗai, ta kira jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma. Haka ƙa'idar NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta Nijeriya, ta tanada: zazzaɓin da ya kai digiri 38, ya ƙi jin maganin maleriya da na sauran cututtukan yau da kullum bayan kwana biyu zuwa uku, a yi zargin Lassa.

## Rana ta 9 zuwa ta 11: sakamako ya fito

An ɗebi jini rana ta 9, an rufe shi cikin mazubi uku, wani cikin wani, an kai ɗakin gwaji. Daren rana ta 10 amsa ta zo: Lassa. Washegari aka mayar da ita cibiyar killace masu cututtuka masu yaɗuwa da ke Yaba, aka fara ba ta maganin ribavirin ta jijiya, na kwana goma. An fi sa rai da maganin nan in an fara shi cikin kwana shida na farko. Ita a na goma sha ɗaya ta same shi.

Kafin azahar labari ya gama unguwa, sai dai ba da sunan Lassa ya zaga ba, da sunan Ebola. Mutanen Legas ba su manta 2014 ba. Ranar 20 ga Yuli na shekarar wani matafiyi ya sauka daga Laberiya da cutar, aka kwantar da shi a wani asibiti a Obalende, Dakta Stella Adadevoh ta hana a sallame shi, ita ma ta kamu ta rasu ranar 19 ga Agusta. Mutum 20 suka kamu a Nijeriya, 8 suka mutu, sai 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an rabu da ita. Akwai tsofaffi a layinmu da har yau suke tuna daren da aka tashe su wankan ruwan gishiri.

Don haka aikina na farko bayan la'asar shi ne in tsaya a ƙofar masallaci in fassara abin da jami'in ke faɗa. Lassa ba daga waje ta zo ba. Sunan wani gari ne a jihar Borno inda aka fara gane ta a 1969. Mazauninta wani ɗan ɓera ne mai nonuwa da yawa, masana na ce masa Mastomys. Shi ba ta kwantar da shi, yawo yake yi yana zubar da ita a fitsari da kashi, a kan hatsi da shanya da kwanukan da aka bari a buɗe. Daga mutum zuwa mutum kuma ta jini da amai da fitsari take bi, shi ya sa mai jinya ya fi kowa shiga hatsari. Cikin mutum goma da suka kamu, kusan takwas ba sa jin komai ko kuma ɗan zazzaɓi ne ya wuce. Amma cikin waɗanda ta kai su gadon asibiti da tsanani, wajen 15 cikin 100 ba sa tashi. Tana iya yin har kwana 21 a jiki kafin ta nuna kanta, kuma babu allurar rigakafinta tukuna.

Wannan kwana 21 shi ne ma'aunin duk aikin da ya biyo baya. Ana ƙirga shi gaba don a san wa zai iya kwantawa, ana ƙirga shi baya don a san daga ina ta fito.

## Rana ta 11 zuwa ta 14: jerin sunaye da farautar ɓera

Ƙirgar gaba ta fi sauƙi. An rubuta mutum 46: bakwai na cikin iyalin, goma sha tara masu amfani da banɗaki ɗaya da su, biyu a kemis, tara a ƙaramin asibiti, takwas a babba, da mai keke. Kowa aka ba shi ma'aunin zafi, safe da yamma ya auna a rubuta. Ranar farko jami'ai sun zo da farar mota har ƙofar gida, wasunsu cikin kayan kariya. Kafin dare maza biyu sun ɓace, mai ginin kuma ya aiko da takardar tashi. Liman ne ya nemo mutum biyun ta waya, ɗaya a Alaba Rago wajen ɗan'uwansa. Daga ranar aka koma ajiye mota a bakin titi ana shigowa da ƙafa cikin kayan gida.

Ƙirgar baya ce ta cije. Matar ba ta cikin hayyacin da za a tambaye ta, don haka mijin aka zaunar a kan benci, jami'i na karanta fom ina juyawa.

"Alhaji, cikin mako ukun nan iyalinka ta yi tafiya?"

"Ko Oshodi ba ta je ba."

"Wani a cikinku ya yi tafiya?"

"Babu."

"Kun yi baƙo?"

"Ba mu yi baƙo ba."

"Ta je jinya wani wuri, ko wankan gawa?"

"A'a."

Da aka rufe waɗannan ƙofofi, saura biyu: ɓerayen gidan, ko abincin da ya zo daga Arewa.

Aka shirya kafa tarko mai kama ɓera da rai dare uku. Maƙwabta suka riga mu. Tun daren da suka ji kalmar ɓera suka sayo guba wajen masu talla suka barbaɗa ko'ina. Washegari ga mushe a kwata, ga wari daga silin, ga yara suna ɗaukar matattun ɓeraye ta wutsiya suna wasa da su, abin da ya fi komai tayar wa jami'in hankali. Sai da aka bi ɗaki ɗaki ana roƙo a kwashe da shebur a binne. Abin da tarkunan suka kama a ƙarshe goma sha ɗaya ne: manyan ɓerayen kwata, ƙananan ɓerayen ɗaki, da jaɓa biyu. Wanda ya san su ya juya cikin kowanne ya duba, babu mai nonuwa da yawa ko ɗaya.

Abincin ma bai tsaya ba. Buhun ƙarshe ya iso gidan mako bakwai kafin ta kwanta, mijin ya nuna ranar a littafin lodinsa. Kowa a ɗakin ya ci, kuma dafaffe. Ƙwayar cutar ba ta jure zafin wuta, sabulu da ruwan bilic ma suna kashe ta. Ba a soke zargin gaba ɗaya ba, tun da mai tankaɗe da tsintar hatsi takan taɓa shi ɗanye, amma an ajiye shi gefe. Rana ta 14 jami'in ya rubuta a fom cewa ba a gano tushe ba.

## Rana ta 15: tabarma a bayan buhu

An zo feshin ɗakin yara ne. Mijin ba ya nan, ni kuma ba zan shiga ɗakin matan mutane ba, sai aka kira ungozomar unguwa, dattijuwar da kowa ke ce wa Inna, ta raka wata jami'a. Da aka janye buhunan sai ga wata tabarmar roba a naɗe, an ɗaure ta da tsumma. Jami'ar ta miƙa hannu za ta jawo ta. Yarinyar gidan 'yar shekara bakwai, wadda ke leƙe daga bakin ƙofa, ta ce, "Kar ku taɓa, tabarmar Baffa ce."

Inna ta juyo. "Wane Baffa, 'yar nan?"

"Baffan da ya yi amai a bokitin wanka."

Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta sallami yarinyar, ta ja ƙanwar matar gefe, ta zauna a kan turmi kamar mai hirar duniya. Ba ta ce mata baƙo ba, ba ta ce tafiya ba. Cewa ta yi, "Da sanyin nan, kwano nawa yayarki ke zubawa da dare?"

"Huɗu, Inna. Na Alhaji, na yara, namu, da na Baffa."

Ƙanin mijin ne, saurayi ɗan shekara 17. Ya biyo tirelar hatsi daga ƙauye don ya zo ci-rani, ya sauka da zazzaɓi. Aka ce gajiyar hanya ce da iskar saman mota. Ya kwanta a ɗakin yara yana amai da gudawa, matar wansa ce ke kwashewa, ita ke wanke masa kaya da hannu, ita ke dama masa kunu. Da ya ɗan ji sauƙi amma ya kasa ɗaukar buhu, sai wansa ya sa shi a mota ya koma gida.

Saura ranaku. Budurwar ba ta riƙe kwanan wata ba, amma ta tuna ya zo ranar Asabar, Juma'a ɗaya ta riske shi a kwance, kuma ya tafi washegarin sunan da aka yi a ɗakin da ke kallon nasu. Inna ce ta karɓi haihuwar. Aka ɗauko katin rigakafin jaririn aka ga ranar haihuwa, aka ƙara mako guda, aka sami Lahadin suna. Da haka lissafi ya fito: ya iso kwana 16 kafin matar ta kwanta, ya tafi saura kwana 7. Duk zamansa na cikin kwana 21 ɗin da ake nema.

Da dare na sami mijin a bakin masallaci. Na ce, "Alhaji, ai mun tambaye ka ko kun yi baƙo."

Ya dube ni. "Malam, ƙanina baƙo ne? Uwa ɗaya uba ɗaya. A hannun matar nan ya tashi."

Mun ɗan yi shiru, sannan ya ce yaron ya faɗo masa a rai tun daren da aka yi masa tambayoyin, amma ya ga an riga an ba shi takardar tashi, masu sayen wake sun fara zagaye rumfarsa, ya ji tsoron a ce ɗan'uwansa ne ya kawo wa unguwa annoba. A daren ya ba da lambar wayar gida.

## Rana ta 17 zuwa ta 24: mutum na biyu, da amsa daga Bauchi

Safiyar rana ta 17 yarinyar nan mai koyon jinya ta auna ta ga 38.3. Da yake tana cikin jerin, ba ta nufi kemis ba, waya ta buga. Kafin azahar an killace ta, washegari gwaji ya tabbatar, aka fara magani a kwana na biyu na zazzaɓinta. Ba ta kumbura ba, ba ta zubar da jini ba. Mutum biyar kawai aka ƙara a jerin ta dalilinta.

Ta ɓangaren yaron kuwa, jami'an Legas sun tura bayani ga takwarorinsu na Bauchi, jihar da dama tana cikin waɗanda Lassa ta fi addaba duk rani, tare da Ondo da Edo da Taraba. Rana ta 21 amsa ta zo. An same shi da rai, ya rame, yana takawa. Zazzaɓinsa ya fara ne kwana biyu kafin ya hau tirela, wato bai taka Legas da lafiya ba, kuma mako ukun da suka gabaci haka duk a ƙauye ya yi su. A ɗakin da ake tara amfanin gona yake kwana. Bayan girbi shi da abokansa sukan cinna wa jeji wuta su kama ɓeraye da gafiya su gasa. Jininsa ya nuna alamar garkuwar da jiki ke haɗawa in ya yi karo da Lassa kwanan nan. A tarkunan da aka kafa a gidansu kuwa aka sami ɓeran da aka rasa a Agege.

Waɗanda suka hau tirela da shi, da fasinjojin motar da ta mayar da shi, kwana 21 ya riga ya wuce a kansu kafin a san da su. Direban tirelar kaɗai aka samu ta hannun dillalin lodi, ya ce lafiyarsa ƙalau.

An sallami matar rana ta 24, bayan gwaji ya nuna babu ƙwayar a jininta.

## Bayan nan

Kwanakin sa ido na iyalin da maƙwabta sun cika rana ta 29, na mutum biyar ɗin ƙarshe rana ta 38. Babu wanda ya ƙara kwantawa. An jira kwana 42 daga sallamar yarinyar mai koyon jinya, ninki biyu na kwana 21, sannan aka rufe fayil: mutum biyu a Legas, ɗaya a Bauchi, babu rasuwa. Mai unguwa da liman suka je wa mai ginin da takardar asibiti, ya janye takardar tashi.

Matar ta dawo da kunnen hagu a toshe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka tashi daga wannan ciwo sukan sami matsalar ji, wasu ya dawo musu cikin wata ɗaya zuwa uku. Nata bai dawo ba.

Bayan wasu watanni jami'in ya kira ni da wani ƙarin bayani. An karanta tsarin halittar ƙwayar da aka samu a jinin matar. Tun a ɓarkewar Lassa ta 2018, binciken da aka yi a asibitin ƙwararru na Irrua da cibiyar Farfesa Christian Happi da ke Ede ya nuna cewa ƙwayar Lassa tana da dangi dangi gwargwadon yanki, kogin Kwara da na Binuwai ne kan iyaka, kuma yawancin masu kamuwa daga ɓera suke ɗauka kai tsaye, ba daga mutum ba. Kamar karin harshe ne, in Basakkwace ya buɗe baki ba sai ya faɗi garinsu ba. Ta jinin matar dangin Bauchi da Filato ce, ba ta Edo da Ondo ba.

## Abin da na gani

A ganina hujjar ta tsaya da ƙafafunta. Ranaku sun dace, jinin yaron ya shaida, ɓeran yana can ba ya nan, dangin ƙwayar kuma ya nuna Arewa. Buhun masarar ma daga can yake, shi ya sa ba dangin ƙwayar ne ya wanke shi ba, mako bakwai da tukunya ne suka wanke shi.

Kwana huɗu aka ɓata ana zaton wuta a maƙera, kuma ina da kaso a ciki. Fom ɗin ba shi da laifi a Turancinsa. Ni ne na ɗauki kalmar na ajiye "baƙo" a gurbinta, alhali na fi kowa a wurin sanin cewa a gidan Bahaushe ƙanin miji ba baƙo ba ne, almajirin da ke kwana a soro ba baƙo ba ne, ɗan ƙauyenku da ya sauka neman aiki ma ba lallai a kira shi haka ba. Mijin ya ɓoye, gaskiya ne, amma ni na ba shi inuwar da ya fake a ciki ba tare da ya yi ƙarya ba. Kuma tun farko ba shi ya kamata a zaunar ba. Mutumin da ke fita da asuba ya dawo bayan isha'i bai san wa ya yi amai a wane bokiti ba. Masu girki da wanki su ke da labarin, kuma ba su za su faɗa wa namiji mai fom a tsakar lungu ba. Da an shigo da Inna rana ta 11, da wataƙila an tarar da fasinjojin motar komawa cikin kwanakinsu.

Ban ga laifin farautar ɓera ba, dole ne a duba. Laifin shi ne faɗin kalmar a bainar jama'a ba tare da an ce kada a sa guba ba. Farar motar nan ma ta ci mana mutum biyu da amanar gida guda.

Amma asarar da ta fi girma ta riga zuwan jami'ai. Mata biyu, ciwo ɗaya, ɗaya ta sami magani a kwana na goma sha ɗaya, ɗaya a na biyu. Masana na ta muhawara a kan ƙarfin ribavirin ɗin kansa, kuma kurunta kan zo ko da ciwon bai yi tsanani ba, don haka ba zan rantse cewa kwana taran nan ne suka ci kunnen ba. Abin da zan iya rantsewa a kai shi ne, da wani ya tsaya rana ta 4 ya ce maganin maleriya ya ƙare jiki bai sauka ba, da ba a kwantar da ita kwana uku a ɗakin da safar hannu ke ƙarewa ba, da yarinyar nan mai koyon jinya ba ta kamu ba.

Jami'in yana nan yana aiki a ƙaramar hukumar. Ran nan na ga fom ɗinsa, a ƙasan shafi na biyu ya ƙara layi da biro, da Hausar da ya sa na rubuta masa: "Wa da wa suka kwana a ɗakin nan, wa da wa aka zuba wa abinci?" Matar kuma ta koma tuyar ƙosai a bakin lungu. In za ka saya sai ka zagaya ta damanta.